Goribar Ƙafar Mijinyawa

Duk wanda ya yi hulɗa da layin 'yan hatsi na Kasuwar Muda Lawal a shekarun baya, in ka ambaci Mijinyawa, kafin ya amsa maka sai ka ga ya shafa muƙamuƙinsa. Mutumin nan ya daki jama'a. Ya daki direba, ya daki dillali, ya daki mai shayi, akwai ma wani mai awo da ya taɓa zama daɓas a cikin kwandon tattasai ba da shirinsa ba. Amma fa kar a yi masa sharri, Mijinyawa ba mafaɗaci ba ne. Zage shi, dariya zai yi. Cinye masa tuwo, zai ce Allah ya amfana. Abu ɗaya ne tak ba a yi masa, shi ne taka masa ƙafar dama.

Haifaffen Bakaro ne, cikin tsohon garin Bauchi. Ubansa, Malam Mika'ilu, da tura amalanke ya ciyar da gidansa har ya bar duniya, shi ma ɗan bai tsaya neman wata sana'a ba. Yana da shekara goma sha bakwai ya fara saɓa buhu. Allah ya yi masa ƙira, gajere ne kakkaura, wuya kamar turmi, ga faɗin kafaɗa. Buhun masara mai kilo ɗari, wanda mutum biyu ke ɗora wa ɗaya, shi kaɗai yake cicciɓa ya jefa a wuya, ya haye katakon da ake jinginawa a bayan babbar mota da sassarfa, ya dire, ya sauko yana tsokanar na bayansa. Kafin ya cika arba'in 'yan dako sun naɗa shi sarkinsu, ba wanda ya ja da shi. Shi ke raba lodi, shi ke faɗin mai hawa da mai miƙawa. Kuma duk motar da ta zo, shi ke fara hawa katako, don dokarsu ke nan tun kafin a haife shi: ranar da sarki ya kasa hawa katako, ranar sarautarsa ta ƙare.

Katakon nan kuwa ba abin wasa ba ne. Faɗinsa bai wuce taƙi biyu ba, ga tsabar hatsi da ke zubewa a kai tana sa santsi. Silifas ba ya hawansa, takalmi mai sako-sako kuma sai ya kai mutum asibiti. Don haka 'yan dako suna da dabararsu. Rufaffen takalmin roba suke saye, kuma da gangan suke ɗaukar wanda ya yi musu kaɗan da lamba ɗaya. Da safe a je wurin mai shayi a roƙi ruwan zafi, a tsoma takalmin ya yi laushi, a cusa ƙafa da ƙarfin tsiya. In ya huce sai ya kama ƙafar gam. Shi Mijinyawa lamba biyu yake ragewa, wai don ya fi kowa. Shekara ashirin da ɗoriya yana gana wa ƙafarsa wannan azaba, tun daga hantsi har la'asar sakaliya.

Ita kuwa ƙafar da ma da gadonta ta zo. Malam Mika'ilu yana da wani ɗan ƙullutu a gindin babban yatsa, uwar Malam Mika'ilu ma haka, a gidan ba a ɗauke shi bakin komai ba, cewa ake ƙafar gidan ce. To amma su a silifas suka ƙare rayuwarsu. Na Mijinyawa da ya sha matsi sai ya yi ta girma. Babban yatsan ya karkata ya jingina da na kusa da shi, daga baya ma ya haye shi gaba ɗaya. Gindin ya turo waje, ya yi jawur, ya yi ƙyalli, ya yi tauri. 'Yan kasuwa da ba sa rasa bakin tsiya suka sa masa suna goriba, a bayan idonsa dai. Ya taɓa gaya wa matarsa Bintu cewa in aka taɓa wurin nan, ji yake kamar an kafa masa ƙusa daga ƙafa har tsakar ka, idonsa ya rufe, kafin ya buɗe kuma hannunsa ya riga ya tafi.

Mansir ya fi kowa sanin haka. Tare suka fara dako, kwano ɗaya suke ci, shi ne ma babban abokin ango ranar auren Bintu. Wata Laraba ana sauke wake, Mansir ya ja da baya da buhu a wuya, diddigensa ya sauka a kan goribar da nauyinsa da na buhun duka. Ƙarar da Mijinyawa ya ƙwalla sai da 'yan tumatir suka jiyo. Naushi ɗaya ya kai masa. Mansir ya tafi ta baya, buhu ya fashe, wake ya watse, haƙora biyu suka faɗa cikin waken. Mijinyawa bai tsaya nan ba, ya haye ruwan cikinsa ya yi ta kirɓa, jini ta hanci ta baki, sai da maza shida suka ɓanɓare shi. Da hankalinsa ya dawo ya ga aika-aikar da ya yi, sai ya zube a ƙasa ya riƙe ƙafa yana kuka wiwi. Shi da kansa ya goya Mansir zuwa kemis. Mansir ya yafe, amma giɓin yana nan har gobe, kuma tun daga ranar in za su jera, ta hagunsa yake bi.

Mai kemis ɗin, Madam Nnenna, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta fi shekara talatin a Bauchi, kuma ba ta shakkar kowa a kasuwar. Tana goge wa Mansir jini tana harara.

"Sarki, cire takalmin nan in gani."

Ya ja shi da ƙyar ya fita. Ta duƙa ta latsa gefen wurin a hankali, ta kama yatsan ta motsa. Ya cije leɓe.

"Maruru ne ko, Madam? Ba ni maganin da zai fasa shi."

"Wane irin maruru ne zai shekara goma bai fashe ba? Ƙashi ne. Gaɓar yatsan ce ta goce. Da tun farko ka zo, sai in ce ka jefar da wannan takalmi ka sayi mai faɗi, ka sa auduga tsakanin yatsun, ka riƙa ɗora ƙanƙara in ka tashi aiki, ka zauna lafiya. Amma yanzu yatsa ya hau yatsa, ciwo ya sa kana ɗingishi, har ka fara zubar wa mutane da haƙora. Wannan ya fi ƙarfin kemis. Likitan ƙashi za ka gani."

"Asibiti? Waɗanda ba su san komai ba sai yanka?"

"To zauna. In ka kashe wani aka kai ka gidan yari, a can sai a duba maka."

Ya yi kunnen uwar shegu da maganar har shekara biyu. Ƙwayar rage zafi kawai yake aikowa a saya masa, yana watsawa biyu-biyu. Abin da ya tashe shi a cikin gidansa ya faru. Wata safiya yana zaune a tsakar gida ya miƙe ƙafa, Bintu ta fito da tukunyar koko, ta yi tuntuɓe da ƙafar. Shekara goma sha takwas da aure bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Ranar hannun ya tashi. Allah ya taimaka a daidai kunnenta ya karkatar da shi, naushin ya sauka a kan randa, randar ta tarwatse, ruwa ya malale tsakar gida, bayan hannunsa ya tsage. Bintu ba ta yi ihu ba. Ta ajiye tukunyar, ta dubi fasasshiyar randar, ta dube shi.

"Malam, yau randa ce. Gobe kaina ne. Ko ka je asibiti, ko ni in je gidanmu."

Washegari ya je.

Likitan da ya gani, Dakta Akinwale, Bayarabe ne haifaffen Bauchi, Hausar bakinsa ta fi ta wasu 'yan gari. Bai fara da tambaya ba. Ya sa shi ya tsaya ƙafa ba takalmi, ya sa shi ya taka zuwa ƙofa ya dawo, ya ɗauki takalmin robar ya gwada a tafin ƙafar ya girgiza kai, sannan ya tura shi ɗaukar hoton ƙashi. Da hoton ya zo ya ɗaga shi a haske.

"Malam Mijinyawa, ka ga wannan dogon ƙashin? Miƙewa ya kamata ya yi. To ya buɗe waje, yatsan kuma ya karkata ciki. Wannan abin da ya turo, kan ƙashin ne. Babu ruwa a ciki, babu mugunya, babu abin da za a fasa. Kar ka yarda kowa ya sa wa wurin nan aska ko wuta. Ka ji ni?"

"Na ji, likita. To maganinsa fa?"

"Mutane da yawa takalmi mai faɗi ya ishe su. Naka ya kai aiki. Za mu gyara ƙashin mu miƙar da shi, mu ɗaure da ƙananan ƙarafa. Ba yanke ƙafa ba ne, ka kwantar da hankalinka. Amma aƙalla wata uku ba ɗaukar kaya."

Wata uku! Gaban Mijinyawa ya faɗi, don saura wata guda kaka. Yana cikin wannan tunani ya fasa ledar ruwa ta uku tun shigowarsa. Likitan ya tsura masa ido.

"Kullum haka kake shan ruwa? Fitsari fa?"

"Kamar famfo, likita."

"To kafin komai, je ka a gwada jininka. Ina zargin suga. Mai ciwon suga, ƙaramin rauni a ƙafa kan zama babban abu a wurinsa. Ka dawo mini da takardar yau."

Layin gwajin jini a wani matsattsen lungu yake, mutane cunkus, zafi kamar me. Mijinyawa ya raɓe jikin bango ya ɓoye ƙafar dama a bayan ta hagu. Ya ɗan saki jiki ke nan sai wani abu mai tsini ya sauka a kan goribar. Idonsa ya rufe. Da ya buɗe, wani dattijo ne kwance a ƙasa, farin gemu, idanu duk yana, sandarsa can gefe, hularsa tana gangarawa. Goshinsa ya bugi bakin benci ya fashe, jini yana bin gemun yana ɗiga a farar riga. Tirƙashi! 'Ya'yan dattijon biyu suka yo kansa, jama'a suka rufa musu baya, masu gadi suka zo da kulake. Aka yi ta jibgarsa ta ko'ina, wata mata har da kwanon abincin mara lafiya ta ƙwala masa. Mutumin da maza shida ke ɓanɓarewa, ranar ko yatsa bai ɗaga ba. Sai ga muryar dattijon daga ƙasa, tana rawa.

"Ku ƙyale shi, don Allah. Ɗana, yi haƙuri, ban gan ka ba."

Duk dukan da ya sha bai yi masa ciwon wannan magana ba. Ya fita da yagaggiyar riga, bai waiwaya ba. Kunya ta hana shi komawa. Da Bintu ta tambaye shi gwajin jini sai ya ce an ce lafiya lau.

Kaka ta kama. Motocin masara da dawa suka fara jeruwa tun daga bakin ƙofa. Mijinyawa yana hawa katako, amma kowa ya ga sassarfar ta tafi. Yakan tsaya a tsakiya ya ja numfashi, abin da bai taɓa yi ba. In ya juya baya sai ƙus-ƙus ya tashi, kuma yana ji. Tsoro ya kama shi, tsoron ranar da zai tsaya a gindin katako da buhu a wuya ƙafa ta ce ba ta zuwa.

A nan Ɗanlarai ya shigo. Wanzami ne da ke da rumfa a bayan shagunan hatsi, shi ke yi wa 'yan dako aski da ƙaho. Ba mugu ba ne, gaskiya ɗaya ce. Ya sha yi wa mutane sakiya, wato ya huda kumburi da jan ƙarfe mugunya ta fita, kuma sun warke. Laifinsa ɗaya, duk abin da ya kumbura a duniya maruru ne a wurinsa. Yana yi wa Mijinyawa aski ya leƙa ƙafar ya yi tsaki.

"Sarki, likitocin nan hoto suke gani, ni kuwa nama nake gani. Dubi ja, dubi ƙyalli, taɓa ka ji zafi. Ruwa ne ya kwanta ya daskare. Wane wata uku? Sakiya ɗaya, kwana uku kana kan katako."

Kwana uku da wata uku. Mijinyawa ya ga hoton ƙashinsa da idonsa, ya ji abin da likita ya ce da kunnensa, amma kwana ukun nan suka shiga ransa suka zauna. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ranar Alhamis da hantsi aka shimfiɗa tabarma a bayan rumfar. Aka karɓo garwashi a kasko wurin mai shayi. Ɗanlarai ya zaro ƙarfensa daga zabira, dogo mai tsini kamar basillar ɗinkin buhu, ya tura cikin wuta. Sanin halin mutumin, maza biyar aka kira. Biyu suka zauna a kan cinyoyinsa, biyu suka danne hannuwa, Mansir ya durƙusa ya riƙe kafaɗu.

"Sarki," in ji Mansir a hankali, "kai fa ka ce mini likita ya ce kar a sa wuta."

"Riƙe ni ko ka tashi."

Ƙarfen ya fito jawur. Ɗanlarai ya yi bisimilla ya kafa shi a tsakiyar goribar. Cuuu! Hayaƙi ya tashi, ƙaurin nama ya cika rumfar. Mijinyawa ya yi wani irin gurnani ya banƙare, ya ɗaga maza biyun da ke kan cinyoyinsa sama, ɗaya ya wuntsila ya dawo da gudu ya sake dannewa. Aka zare ƙarfe, aka zuba ido a ga mugunya. Ba abin da ya fito sai jini da wani ɗan ruwa mai yauƙi. Mai hankali a nan zai tsaya. Ɗanlarai ya ce ruwan ya yi nisa ne, ya ɓuya. Ya mai da ƙarfen wuta, ya sake kafawa a ramin farko, ya danna da hannu biyu har kowa ya ji ƙarfe ya ci karo da ƙashi, ƙurus. Mijinyawa ya ciji hannun rigar Mansir har ya haɗa da nama. Fitsari ya kufce masa. Ba a gama ba. Wanzamin ya kama yatsan ya ce bari ya miƙar da shi gaba ɗaya a huta, ya finciko shi daga kan ɗan'uwansa da iyakar ƙarfinsa. Wani abu ya yi ƙas a ciki. A nan Sarki ya suma. Aka yayyafa masa ruwa, aka cusa baƙin garin magani a ramin, aka shafe da man shanu, aka ɗaure da tsumma.

Kuma a rana ta uku ya hau katako. Ya tsoma takalmi a ruwan zafi, ya cusa ƙafar da tsummanta yana zufa, ya saɓi buhu ya haye. 'Yan dako suka yi ta tafi da kirari, Ɗanlarai yana washe baki a gefe. Bintu kuwa cewa ya yi mata ƙusa ya taka, ya hana ta taɓa ɗaurin. A kwana na biyar zazzaɓi ya rufe shi, ya sha ƙwaya ya fita. A na bakwai ƙafar ta kumbura har idon sawu, sai da ya tsaga takalmin da wuƙa. Ƙudaje suka fara binsa. A na tara, yana tsakiyar katako da buhun dawa, ƙafar ta ƙi ɗauka. Ya tafi ta gefe, haƙarƙarinsa ya daki ƙarfen motar, ya faɗo ƙasa buhun ya biyo shi ya danne.

Wannan karon Mansir ne ya goya shi zuwa kemis. Aka aika aka kira Bintu. Madam Nnenna ta sa almakashi ta yanke tsumman, warin da ya taso sai da ya kori masu leƙe daga ƙofa. Yatsan ya yi baƙi ƙirin, ramin yana tsiyayar mugunya, ga wani jan layi ya miƙe yana hawa ƙwauri. Bintu ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Allah, Malam! Wannan ce ƙusar?"

Madam Nnenna ko faɗa ba ta tsaya yi ba. "Ku tare keke. Yanzu, ba an jima ba. In ya kwana, ƙafar duka ce."

Dakta Akinwale ya gane shi. Ya daɗe yana duban ƙafar, sannan ya ce, "Malam Mijinyawa, ranar nan har yamma ina jiran takardarka." Aka gwada jini, sugan ya yi sama sosai. A karon farko ya zo da gaɓa lafiyayya wadda ta karkace kawai, yanzu ƙarfen ya buɗe wa cuta hanya har cikin ƙashi, sugan kuma ya hana raunin warkewa. Ba sauran abin da za a miƙar. Ranar aka shiga da shi tiyata, aka cire babban yatsan da rabin dogon ƙashin nan da aka nuna masa a hoto. Likitan ya gaya wa Bintu su gode wa Allah da aka tsira da sauran ƙafar. Ɗanlarai kuwa, da labari ya iso kasuwa, 'yan dako suka rushe rumfarsa suka farfasa ƙahonninsa, da ƙyar ya sha ta bayan layin 'yan gishiri da fasasshen kai. Da Mijinyawa ya ji, cewa ya yi a ƙyale shi, ai shi ya kai kansa tabarmar.

Sati shida ya yi a gadon asibiti, wata huɗu a gida. Duk tsawon lokacin nan 'yan dako ba su naɗa kowa ba, Mansir yana riƙe masa. Ranar da ya dawo kasuwa aka yi ta murna, ga motar gero a tsaye, katako a jingine. Ba wanda ya ce masa ya hau, ba kuma wanda ya isa ya ce kar ya hau. Ya cicciɓi buhu ya jefa a wuya, ƙarfin yana nan. Ya taka ɗaya, ya taka biyu. A na uku, inda ƙafa ke dogara da babban yatsa ta tura mutum sama, ya nemi abin turawa ya rasa. Ya yi tangal-tangal, aka tare shi. Ya ce a ba shi rabin buhu. Ya sake hawa, ya sake karkacewa a daidai wurin. Ya sauko, ya dire rabin buhun a hankali, ya tsaya yana kallon katakon.

"Mansir," ya ce. "Hau."

Yanzu shekara tara ke nan. In ka shiga layin 'yan hatsi za ka gan shi a kan wani ɗan benci kusa da inda motoci ke tsayawa, da basilla da zare, yana ɗinke bakin buhuna. Ya rame, gemu ya yi fari. Takalminsa mai faɗin baki ne, Bintu ke cusa soso a gurbin yatsan don kar ƙafar ta riƙa zamewa, kuma kullum da safe sai ta duba masa ƙafar sama da ƙasa kafin ta bar shi ya fita. Har yanzu Sarki ake kiransa, don ladabi. In ya ga ɗan dako ya nufi mai shayi da takalmi a hannu sai ya kira shi ya ce ya nuna ƙafa. Ya tura mutum uku wurin likitan ƙashi, biyu sun je. Sauran sukan ce to, Sarki, su juya su tsoma takalminsu a ruwan zafi.

A kakar bara ana sauke wake. Mansir, da shi ma ƙarfi ya fara ja baya, ya sauko da buhu a wuya, wani mai baro ya taso masa, ya ja da baya da sauri. Diddigensa ya sauka a kan takalmin Mijinyawa na dama, da nauyinsa da na buhun duka. Tsofaffin 'yan kasuwa da suka gani suka daskare. Mai shayi ya janye tukunyarsa. Mansir ya saki buhun ya faɗi ya fashe, hannunsa ya tafi bakinsa da kansa ya rufe giɓin, ya runtse ido yana jira.

Mijinyawa yana ta ɗinkinsa. Sai da ya ji shirun ya yi yawa ya ɗago kai.

"Lafiya? Me ya faru?"

Kowa ya zuba wa ƙafarsa ido. Ya bi idanunsu ya duba ƙasa, ya ga diddigen Mansir a kan takalminsa, bakin takalmin ya lotse har ƙasa.

"Sarki, don Allah ka yi haƙuri," in ji Mansir ta bayan hannunsa. "Ban gani ba."

Mijinyawa ya daɗe yana kallon wurin. Ya so ya yi dariya, sai hawaye suka riga ta, suka gangaro cikin gemu.

"Sauke hannunka, Mansir," ya ce. "Taka abinka. Soso ne."

Ya goge ido da bakin riga, ya jawo buhun waken da ya fashe gabansa, ya zura zare a basilla.